Nasarar da Shaho Bai Yarda da Ita Ba

Tun da aka kwance masa ɗaurin hannu ya koma fili, Shaho bai sake shan kaye ba. Abin da ya fara damunsa ke nan.

Mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Shekarunsa sun doshi hamsin, furfura ta fara cin gefen kansa. Sunan Shaho tun yana saurayi ya same shi, lokacin da in ya taka allon zamiya, wannan katakon mai ƙananan tayoyi huɗu, sai ka rantse ƙasa ba ta da iko da shi. Abokan da suka fara tare duk sun ajiye. Wani ciwon baya ya zaunar da shi, wani tumbi, wani kuma yana wurin aiki matarsa ta ɗauki katakon ta ba yaran maƙwabta. Shi kaɗai ya rage, yana wasa da waɗanda ya isa ya haifa.

Filin nasu bayan wani babban kantin tayil yake, inda manyan motoci ke sauke kaya. Ranar Lahadi kantin a rufe yake, sai wurin ya zama nasu: siminti sumul, dogon dakali a gefe guda, gangaren da ake turo kaya, da matakala mai tsawo da ta sauko daga ƙofar ofis. Shaho ne ma ya samo musu wurin. Shekarun baya ya zo gyara na'urar ofishin manaja, ya leƙa ta taga ya ga simintin, ya roƙa, aka ce wa maigadi ya riƙa buɗe musu.

Akwai wani wasa da suke rufe yini da shi, suna kiransa "yi yadda na yi". Mutum ɗaya zai yi wani salo da katako, sauran su maimaita. Wanda ya kasa a sa masa ɗigo, in ɗigonsa ya kai biyar ya fita. Wanda ya rage shi ya ci.

Kafin karayar, Shaho yakan kai tsakiyar wasa a fitar da shi. Ba ya jin daɗi, amma ya san gaskiya ce, don ya san jikinsa. Yanzu sai ya daɗe yana miƙe-miƙe kafin gwiwoyinsa su yarda su lanƙwashe, alhali samarin daga kan babur suke dira kan katako. Buguwar da a da yake karkaɗewa ya tashi, yanzu sai ta bi shi gida ta kwana da shi har wata Lahadin. Abin da ya fi ba shi haushi kuwa wani ɗan jinkiri ne da ya shiga tsakanin kansa da ƙafarsa. Kai ya ce "yanzu", ƙafa sai ta tsaya ta yi shawara tukuna. Irin wannan jinkirin ne ya kayar da shi daga saman matakala ranar da wuyan hannunsa ya karye, har aka kira motar asibiti.

To mutumin da ya san wannan duka, kuma ya yi watanni bai taka katako ba, ta yaya zai dawo ya riƙa cinye samari?

Lahadin farko murna ya yi. Ya koma gida yana fito, ya ce wa matarsa ashe hutun magani ne. Ta biyu ma ya yi murna, amma ba kamar ta farko ba. Daga nan sai ya fara sa ido.

Wanda ya fi sa wa ido shi ne Kwaɗo, wani siririn saurayi mai shagon aski, wanda duk filin ba mai tsallensa. Shaho ya san Kwaɗo tun yana koyo. Ya san in Kwaɗo ya kasa abu da gaske ba ya magana, leɓe yake cijewa, ya ɗauki katakonsa ya koma baya. Amma yanzu in ya kasa salon da Shaho ya sa, sai ya daki cinya ya ce, "Kash! Kai, wannan da wuya yake!" da ƙarfi, yadda kowa zai ji. In kuma aka zo kansa ya sa nasa salon, sai ya zaɓi wani ɗan abu wanda bai kai ya kawo ba.

Sannan tafin. Wata rana Shaho ya wuntsila katako ƙarƙashin ƙafarsa, yana sama bai ma sauka ba ya ji an fara tafi. Da ya sauka a karkace, har ƙafa ɗaya ta ɗan taɓa ƙasa, ya ɗaga kai ya jira a ce ba ta yi ba. Nas, wata budurwa ma'aikaciyar asibiti da ke wasa da su, wadda a da ko yatsa ka ajiye sai ta gani, ta ce, "Ta yi, Kawu, ta yi."

Kawu. Wannan ma sabon abu ne. Kafin ya karye Shaho suke ce masa, kai tsaye, kamar sa'ansu. Bai san ranar da aka yi zaman canza masa suna ba.

Ya kuma lura da matakala. In yana nan ba mai kallonta. Ya taɓa tambaya, aka ce masa ai an gaji da ita, kuma simintin ƙasanta ya fara tsagewa. Da za su tashi ya bi ta wajen ya duba. Ba tsaga ko ɗaya.

Zarginsa na farko kan matarsa ya sauka. Wata yamma ya same ta a kicin tana yanka albasa, ya jingina da jikin firji kamar mai hira.

"Maman Auta, kin taɓa magana da yaran nan?"

"Waɗanne yara?"

"Yaran fili. Su Kwaɗo."

"Me zai haɗa ni da Kwaɗo? Aski zan yi?"

"Ba Nas ce ta kira ki ranar da na karye ba?"

"Ita ce. Sai me?"

"To ai kina da lambarta."

"Ina da lambar mai kawo gas ma." Ta ajiye wuƙar ta dube shi, idonta na hawayen albasa. "Wai me ya faru?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta yi dariya har da riƙe gefen tebur.

"Da kana shan kaye ka dawo kana kumbura. Yanzu kana ci, ka dawo kana kumbura. Ni dai na rasa inda zan sa ka, Baban Auta."

"Ba amsa kika ba ni ba."

"Ban yi magana da kowa ba. Matsa in ɗauko tumatir."

Ya matsa. Amma ya lura ba ta kalle shi ba da ta ce ba ta yi magana da kowa ba, cikin firji take kallo. Ya san tumatir take nema. Duk da haka ya ajiye abin a ransa.

Haka ya yi ta juya maganar a wurin aiki. Yana durƙushe bayan firjin mutane yana laluben inda gas ke fita, hankalinsa na can bayan kantin tayil. Mutum ne da sana'a ta koya wa rashin yarda. In aka ce masa, "Haka kawai ya daina sanyi," ya san an taɓa wani abu. In aka ce, "Ba wanda ya buɗe shi," sai ya duba kan kusoshi ya ga sabon karce. Kuma a fuskar Kwaɗo yana ganin sabon karce.

Ranar Lahadi da safe ya kira Kwaɗo a waya.

"Yau ba zan samu zuwa ba. Firizar wani mai nama ta tsaya, kayansa za su lalace."

"Ayya, Kawu. To Allah ya ba da sa'a."

Shaho ya ji kamar muryar ta yi sauƙi fiye da kima. Ya ɗauki motar aikinsa, ya ajiye ta a wani layi can nesa, ya zaga da ƙafa ta bayan kantin. Akwai inda aka jibge katakan ɗora kaya a jikin shingen waya. Ya raɓe a nan, ya sa ido ta wata kafa. Wata tsohuwa da ke wucewa ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙanƙame jakarta ta ƙara sauri.

Abin da ya fara gani Kwaɗo ne a iska. Ya taso daga ƙofar ofis, ya tsallake matakalar gaba ɗaya, katako na juyawa ƙarƙashinsa, ya sauka kamar an ajiye shi da hannu. Nas ta biyo baya. Sauran ma suka jera suna jiran layi, ana ihu, ana zolaya, ana dariyar wanda ya faɗi. Irin hayaniyar da Shaho ya manta rabonsa da ji ke nan. Can kuma sai ga Kwaɗo ya dawo fili yana magana a waya, ya yi salon nan da ya ce "da wuya yake", wayar na kunnensa, bai ko katse maganar ba.

Wani zafi ya taso wa Shaho daga ƙirji zuwa kunnuwa. Amma akwai wani abu ƙarƙashin zafin da bai so ya duba ba. Duk lokacin da wani ya taso daga saman matakalar, sai ya ji wuyan hannunsa ya yi tsam. Daga bayan shinge ma tsayin ya ba shi tsoro. A da bai san matakala tana da tsayi ba.

Ya koma mota ya zauna. Tausayinsa suke ji, abin da ya yanke ke nan. Sun mayar da shi ɗan yaye, wanda ake bari ya ka da babba a kokawa don a ga dariyarsa. Wa ya kawo shawarar? Nas ce, mai ganin kowa a matsayin majinyaci? Ko matarsa ce ta roƙe su? Ko kuwa Kwaɗo ne, yana yi yana ba abokan askinsa labari ana shewa? Da ya kai nan sai ya ji kamar duk wanda ya taɓa zama kujerar Kwaɗo ya san labarinsa.

Bai ce wa kowa komai ba. Lahadi ta gaba ya zo da fara'arsa, ya gaisa da maigadi, ya yi miƙe-miƙensa. Aka fara "yi yadda na yi". Kamar yadda ya zata, ɗaya bayan ɗaya suka yi ta fita, kowa da irin "kash" ɗinsa, har ya rage daga shi sai Kwaɗo, Kwaɗon ma saura ɗigo ɗaya ya fita. Shaho ne mai sa salo.

Ya share gumi, ya ce a hankali kamar ba komai ba, "Bari mu yi ɗan ƙarami mu huta. In ka wuce wannan, na gaba matakala zan sa."



Shaho ya tura katakonsa, ya yi ɗan tsalle ya ƙetare wani murfin kwalba da ke ƙasa. Tsallen da ake koya wa mutum a makon farko. Ya juyo ya naɗe hannu.

Kwaɗo ya kalli Nas. Nas ta kalli takalminta. Kwaɗo ya tura katako, ya iso wajen murfin, ya yi tsalle, sai kawai ya saki katakon ya tafi, shi kuma ya zube a ƙasa ya baje hannuwa.

"Kash!" ya ce. Amma ko shi bai yarda da kash ɗin ba.

Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

"Kwaɗo," in ji Shaho. "Taso ka zo."

Ya taso yana karkaɗe wando.

"Ni sa'anka ne?"

"A'a, Kawu."

"Wa ya koya maka tsayuwa a kan katako?"

"Kai ne."

"To don me kake wasa da hankalina? Makon jiya ina bayan shingen can. Na gan ka da waya a kunne." Ya juya ya bi su da kallo ɗaya-ɗaya. "Dukkanku na gan ku. Simintin da ya tsage ma na ga an gyara shi. Yanzu ku gaya mini, wa ya sa ku? Matata ce?"

"Wallahi ba ruwan Mama," in ji Nas.

"To ke ce ke nan."

"Kawu, ka saurara..."

"Kada ki sake ce mini Kawu. In tausayina kuke ji, ku faɗa mini a fuskata. Ban zo nan neman a lallaɓa ni ba. Da ina son a lallaɓa ni da gida na zauna."

Muryarsa ta yi sama har ta dawo daga bangon kantin. Sai ga maigadi ya taso daga kujerarsa ta bakin ƙofa, ya rage sautin rediyonsa, ya tako yana jan ƙafa. Dattijo ne mai sanyin magana, kullum Injiniya yake kiran Shaho.

"Injiniya, kada ka ga laifinsu. Daga wurina maganar ta fito."

"Daga wurinka, Baba?"

"Ranar da ka faɗi, washegari manaja ya duba kyamara. Ya ga motar asibiti a cikin filinsa, ya ga an ɗauke ka. Ya kira ni ofis, ya ce shi tayil yake sayarwa ba ƙasusuwa ba. Ya ce su yara in sun faɗi tashi suke yi, amma duk ranar da wannan dattijon ya sake faɗuwa a nan, in sa kwaɗo a ƙofa, an gama." Ya dubi Kwaɗo. "Ba kai ba, na ƙarfe."

Ba wanda ya yi dariya.

"Dattijo ya ce?" in ji Shaho.

"Haka ya ce."

"To me ya hana a gaya mini?"

Maigadi ya buɗe hannuwa. "Kai ka samo musu wurin, Injiniya. Wa zai iya buɗe baki ya ce maka yanzu kai ne abin tsoron?"

Shaho ya juya ga Kwaɗo. "Na ji wannan. Amma me ya kawo bar mini wasa?"

Kwaɗo ya sosa ƙeya. Ya yi ta neman inda zai ajiye idonsa, ya rasa, ya ajiye shi a kan Shaho.

"In aka cinye ka zuciya kake yi. In ka yi zuciya kuma matakala kake nufa, don ka nuna mana har yanzu da sauranka. Kullum haka ne. Ranar da ka karye ma ai ni na fitar da kai, ko ruwa ba ka sha ba ka hau sama. Sai muka ga in ka ci wasa, cikin daɗi kake tafiya gida. Mu kuma ba mu da wani filin. Duk garin nan ba inda za a bar mu."

Shaho ya tuna ranar. Haka aka yi. Ya tuna har yadda ya wurgar da gorar ruwansa.

Ashe ba tausayinsa suke ji ba. Tsoronsa suke ji, irin tsoron da ake yi wa tsohuwar wayar wuta mai fitar da tartsatsi, wadda kowa ke zagayewa kada ta ƙona gida. Ya shirya wa tausayi, ya zo da maganganun da zai mayar. Wannan kuwa bai shirya mata ba, bai kuma san wacce ta fi ciwo ba.

Ya taka bayan katakonsa, katakon ya miƙe, ya cafe shi, ya nufi ƙofa. Nas ta kira shi, ta fara da "Kawu", ta gyara ta ce "Shaho". Bai waiwaya ba.

Ya yi makonni bai je ba. Kwaɗo ya kira, bai ɗauka ba. Ranar Lahadi sai ya fita da sassafe zuwa wani dogon titi da ke bayan tashar motoci, inda ba kowa sai masu shara. Ba tsalle, ba wuntsilawa. Turawa kawai yake yi ya tsaya, titin ya ɗauke shi, yana ɗan karkata hagu da dama, iska na shiga rigarsa. Abin ya ba shi mamaki. Shekara nawa rabonsa da ya hau katako ba don ya gwada wa wani komai ba? Gwiwoyinsa ba su yi ƙorafi ba. Ya ji sautin tayoyin a tafin ƙafarsa kamar lokacin da yake yaro. Sai dai in ya kai ƙarshen titin ya juyo, ba wanda zai ce masa ko sannu. Wata rana ya ƙetare wani rami da kyau, ya ɗaga kai don ya ga wa ya gani, sai wani mai shara da ke kallonsa kamar mai tunanin ko lafiya.

A gida kuwa ya zama abin kaffa-kaffa. Wata safiyar Lahadi yana shafa man zafi a gwiwa, matarsa ta shigo da kwandon wanki ta tsaya a kansa.

"Har yanzu ina jiran ka ba ni haƙuri."

"Na me?"

"Ka zarge ni a kicin ɗina."

Ya ci gaba da murza gwiwa. "Yi haƙuri."

"Na haƙura. Amma bari in gaya maka, da sun zo sun tambaye ni, da na ce su yi. Har in ƙara musu da dabara." Ta ajiye kwandon. "Ni na zauna da kai a asibiti. Ni na riƙa ɗaure maka igiyar takalmi. Kana kallon hannun nan kana tunanin ko zai sake riƙe sifana, ka ɗauka ban gani ba? Yaran nan gaskiya suka faɗa maka, shi ya sa kake fushi. Da ƙarya suka yi da tuni ka huce."

"Ƙarya suka yi ta yi mini ai."

"To yanzu sun daina. Tashi ka tafi, ka ishe ni a gidan nan."

Bai tafi ranar ba, don kada a ce ita ta tura shi. Lahadi ta gaba ya tafi.

Yana shiga, wanda ke saman matakala ya sauko da ƙafa kamar an kama shi da sata. Shaho ya yi wa maigadi alama ya matso, sannan ya tsaya a tsakiyar fili.

"Magana biyu ce. Matakala na bar muku ita, na faɗa a gaban Baba, in ya so ya kai wa manajansa. Ku hau abinku ina nan, ba sai na juya baya ba. Ta biyu, duk wanda ya sake faɗuwa don ni, ko ya tafa mini abin da bai yi ba, ni da shi har abada."

"Mun ji," in ji Kwaɗo.

"Kai musamman. Ba ka ma iya faɗuwar ƙarya ba. Kamar an jefar da buhu."

Wannan karon an yi dariya.

Aka yi wasan, aka kuma yi shi da gaske. Salon farko da Kwaɗo ya sa, Shaho bai ma gane yadda katakon ya juya ba. Ɗigo. Nas ta sa nata a bakin dakali. Ɗigo. Da aka zo kansa ya tono wani tsohon salo na zamaninsu, wanda ake sauke ƙafa ɗaya a ƙasa a daki katakon ya zagayo, samarin yanzu ba su cika yinsa ba. Ya yi shi tsaf. Kwaɗo ya gwada, katakon ya doke shi a ƙauri. Bai ce kash ba. Ya cije leɓe, ya ɗauki katakonsa ya koma baya.

Shaho ya ji wani sanyi a ransa. Sai kuma wani tunani ya biyo baya: to in yaron ya gyara faɗuwar ƙaryar tasa ce fa? Ya ƙura masa ido. Kwaɗo ya ɗage ƙafar wando, ƙaurin ya fara kumbura. Shaho ya duba kumburin da kyau kafin ya ɗauke kai.

Wannan ɗigon kaɗai ya samu ya sa wa wani. Shi ne na farkon fita, ba a ma yi nisa ba.

Zuciyar ta zo kamar yadda ta saba. Ya juya zai ɗauko gorar ruwansa, sai ya lura Nas ta koma ta tsaya tsakaninsa da matakala tana gyara hular kwanonta, kamar tsayuwar ce kawai ta kai ta can. Maigadi ma ya rage sautin rediyo. Ashe su ma ba su gama yarda da shi ba.

"Ruwa zan sha," ya ce. "Ko shi ma sai an tambayi manaja?"

Ya zauna a bakin dakali, ya sha ruwansa, ya miƙe ƙafa. Daga nan ya kalli sauran wasan har ƙarshe, yana faɗa wa wannan ya sunkuya da wuri, yana ce wa wancan ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kada ya raina wa mutane hankali. Nas ce ta cinye Kwaɗo a ranar, Shaho kuma ya fi kowa ihu.

Haka abin ya ci gaba. Yana zuwa, ana fitar da shi da wuri, wani lokaci ya kai tsakiya. Sunan Kawu bai tafi ba, ya gaji da hanawa ya bari. Ranar da ya tashi gwiwa ba ta son hayaniya, sai ya nufi dogon titin nan shi kaɗai.

Washegarin komawarsa fili ya je gyara firiza a wani ɗakin cin abinci. Ya daɗe a durƙushe yana sauya wani ƙarfe a jikin injin. Da ya gama ya zo tashi, gwiwar ta ƙi. Ya dafa ƙasa ya sake gwadawa, ta sake ƙi. Mai wurin, wani matashi da tawul a kafaɗa, ya miƙo masa hannu.

Shaho ya dubi hannun. Ya dubi fuskar mutumin, yana neman murmushi ko alamar "ayya". Bai ga komai ba sai mutum da ke son a gama a kunna masa firizarsa kafin kifinsa ya narke.

Ya kama hannun ya tashi.

"Kunna mu ji," ya ce.